Taswira Uku da Yatsan Baba Tunau

Na zo Madarunfa da taswira uku a naɗe cikin bututun roba.
Na shimfiɗa su kan tabarmar Baba Tunau,
na danne kusurwa da dutse, da takalmi, da ƙoƙon fura,
don iskar tafki ba ta san darajar takarda ba.

Ta farko ta tsufa har ta yi launin ƙanzo.
Wani Nasara ne ya zana ta da siririn alƙalami,
ya rubuta sunan garin da haruffan da suka yi masa yawa
kamar yaro cikin rigar wansa.
Tafki a cikinta bai fi ƙodar akuya ba.
Gari ɗigo goma sha ɗaya.
Gabas da shi fari fat, da kalma guda: daji.

Ta biyu daga jirgin sama aka ɗauko ta
a shekarun da tuta ta sake launi.
Ruwa ya kumbura, ya lashe ɗigo biyu,
hanyar mota ta shigo kamar zaren da ya kuɓuce wa allura.

Ta uku ta bana ce, tauraron ɗan'adam ya leƙo:
rufin kwano na ƙyalli inda gero ke tsayawa a da,
lambunan zogale na bin ruwa sawu da sawu,
shi kuwa yana ja da baya
kamar wanda ake bi bashi.

Na ɗora su ɗaya kan ɗaya, na ɗaga wa rana.
Gaɓa uku suka bayyana, ba wadda ta gaida 'yar'uwarta.
Na ce, "Baba, ga hujja.
Tafki ya fara ƙarami, ya girma, ya rame.
Na auna, na lissafa, babi uku na rubuta."

Bai yi lakwal ba.
Ya goge hannu a riga, ƙarnin tarwaɗa bai fita ba,
ya aza yatsa kan ƙodar akuyar,
ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Mai wannan zane da bazara ya zo.
Ubana ne ya riƙe masa sandar awo.
Kwana huɗu ya yi, masassara ta kore shi.
Da ya jira damina ta nuna,
da a kan gora zai yi aikinsa,
ciki a ƙasa, yana iyo da ƙafa kamar mu."

Sai yatsan ya ja gabas, ya tsaya kan farin nan.
Dariya ta ƙare.

"Nan ba daji ba ne.
Gida tara ne, da rumbuna, da marina biyu,
da tsamiyar da mata ke banda kifi a gindinta.
An tambayi ubana, me ke bayan giginyun can?
Ya ce kura da ƙaya, ranka ya daɗe.
Shekara bakwai mai haraji bai taka mu ba,
ba a ɗauki ɗan kowa zuwa fasa dutse ba.
Cikin wannan farin aka yanke mini cibi."

Na dubi babi ukun nawa
da na gina kan ƙaryar mamaci,
ƙaryar da ta ciyar da gida tara.

Na ce, "Yanzu ina wurin yake?"
Ya nuna tsakiyar ruwa da haɓa,
inda wani yaro ke jan koma.
"Shekarar da ruwa ya ja sosai
ana ganin bakin marina.
Karfasa ke kwana ciki yanzu.
Har yau in na kama ta a can
sai na duba ko cikinta ya yi shuɗi."

La'asar ta sunkuya kan tafki.
Akuya ta zo tana shinshinar gefen tarihi, muka kore ta.
Na fiƙe fensir, na durƙusa,
na sa ɗigo tara a cikin dajin Nasara,
a hankali, kada takarda ta huje.

Ya ƙirga su da farce, ya sake ƙirgawa.
Ya ce, "Ƙara ɗaya can gefe, kusa da ruwa.
Gwamma ce, ita kaɗai take zaune.
Ba ta da rumbu, shi ya sa na manta.
Amma tana da hayaƙi."